Amsa Daga Tsohon Kwafi

Mutum uku ne ke aiki a ofishin kwamfuta na asibitin, can hawa na uku kusa da ma'ajiyar zannuwan gado: Injiniya, Dogo, sai ita. Tun makon da ta fara aiki aka laƙaba mata Digiri, domin ranar da Dogo ya miƙo mata butar shayi ya ce ta ɗora, kallonsa ta yi sama da ƙasa ta ce ba dafa shayi ta yi shekara huɗu tana karantawa ba. Sunan ya bi ta har bakin masu gadi. Ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. In an kira sai ta ce, "Na'am, mai daraja ta ɗaya," ta ci gaba da abin da ke gabanta.

Duk abin da asibitin ya sani game da marasa lafiyarsa yana cikin rumbun bayanai guda ɗaya. Likitoci da nas-nas ta wata manhaja mai launi suke ganinsa, su danna nan su danna can. Su ukun nan kuwa ta baƙin allo suke shiga, babu hoto babu maɓalli, sai wani ɗan farin ɗigo da ke ƙifta ido yana jiran a rubuta masa umarni. Ka ce a jero maka tebura, su jeru. Akwai teburin sunaye, akwai na kwanciya da ke riƙe da duk wanda aka ba gado da ranar da aka ba shi, akwai kuma na magungunan da jikin mutum ba ya karɓa. Babu teburin da ya ƙunshi labarin mutum gaba ɗaya. Lambar kati ce ke ɗaure su, da ita kake bin mutum daga wannan tebur zuwa wancan har labarinsa ya haɗu. Digiri tana son aikin nan kamar me, kuma ta san ta fi Dogo hannu nesa ba kusa ba.

Rumbun biyu ne. Akwai na gaske, akwai kuma kwafin koyo da Injiniya ya kwafa wata uku da suka wuce don a riƙa gwaji a kai ba tare da an taɓa bayanan mutane ba. A baƙin allo kamarsu ɗaya, teburansu ɗaya. Shi ya sa Injiniya, dattijo mai furfura a gira, yake da wata al'ada. Kafin ya karanta komai sai ya tambayi na'urar wane rumbu yake ciki, sannan ya buɗe layin ƙarshe na teburin kwanciya ya ga kwanan watansa. Ko tashi ya yi ya sha ruwa ya dawo, sai ya sake. Ƙwanƙwasa ƙofa yake kiran abin.

"Baba, kai ko ɗakin kwananka sai ka tambaya ko naka ne?" ta taɓa ce masa.

"Tsufa ne, 'yata. Bar ni da kayana."

"Ni dai na san inda nake."

"Allah ya sa," in ji shi, ya gyara tabarau.

Ran wata Talata da hantsi manhajar likitoci ta tsaya cak a duk asibitin. Rumbun lafiyarsa ƙalau, manhajar ce ta ƙi. Injiniya da Dogo suka kwashi kayan aiki suka sauka ɗakin manyan na'urori, suka bar Digiri ita kaɗai. Tun safe tana gwada wani dogon umarni na rahoton wata, tagar baƙin allonta a buɗe.

Sha ɗaya da kwata wayar tebur ta yi ƙara. Sistar ɗakin tiyata ce, mace mai muryar da ba ta jiran gaisuwa.

"Wa ke nan? Digiri? Ina Injiniya?"

"Yana ƙasa. Me ake bukata?"

"Mota ta buge wata mata, ƙafa ta karye, ƙashi a waje, ba ta cikin hayyacinta. Ba kowa nata tukuna, sai katin asibitinmu a jakarta. Za mu ba ta fenisilin kafin a shiga da ita. Allonmu ya mutu. Za ki iya duba mana ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ko in aika a kira Injiniya?"

Wannan "ko in aika" ɗin ne ya sosa mata rai.

"Karanto lambar," ta ce.

Sista ta karanto. Yatsun Digiri suka bi madannai kamar ruwa. Teburin sunaye ya kawo matar: shekara talatin da huɗu, malamar firamare. Ta ɗauki lambar ta kai teburin magungunan da jiki ba ya karɓa. Allon ya ja layin kan tebur, ƙarƙashinsa wayam, ya rubuta cewa ba a sami layi ko ɗaya ba.

"Babu komai a kanta. Ku ba ta."

"Kin tabbata?"

"Sista, a gabana yake."

Aka ajiye waya. Digiri ta jingina da kujera ta duba agogo. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Ta so ta buga takardar abin ta ajiye wa Dogo a kan teburinsa, shi da sai ya yi minti biyar yana neman takardar da ya rubuta umarnai a kai. Don takardar ta cika sai ta ce bari ta haɗa da kwanciyar matar ta yau. Ta bi lambar zuwa teburin kwanciya. Layi ɗaya ne, na haihuwa, shekara biyu baya. Na yau babu.

To ai manhaja ta tsaya, ta ce a ranta, wa zai shigar da ita? Ta kai hannu za ta rufe tagar, sai hannun ya tsaya da kansa. Manhajar ƙarfe goma ta tsaya. Daga asuba zuwa goma an kwantar da mutane, ta ga ana wucewa da su a kan gadon turawa lokacin da take shigowa. Ta rubuta a kawo mata layin ƙarshe na teburin duka.

Kwanan watan da ya fito na wata uku da suka wuce ne.

Ta tambayi na'urar inda take, tambayar da take yi wa Injiniya dariya a kai. Na'urar ta amsa mata da sunan kwafin koyo. Tun safe a ciki take.

Ta buɗe sabuwar taga. Sau biyu tana kuskure kalmar sirri, yatsun da ɗazu suke gudu yanzu sun zama kamar na aro. A na uku ta shiga rumbun gaske. Ta rubuta umarnin, ta sa lambar, bakinta yana motsi ba sauti: Allah ka sa babu, Allah ka sa babu.

Layi ɗaya ya fito. Fenisilin. An shigar da shi mako bakwai da suka wuce, kuma a gefensa likitan da ya gan ta ya rubuta: maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, kada a sake ba ta.

Ta fizgi waya ta buga ɗakin tiyata. Layin a kame. Ta sake, a kame. Ta duba agogo, minti shida sun tafi, kuma uku daga ciki ta ɓata su ne wajen shirya takardar da za ta yi wa Dogo gori da ita.

Ta fita a guje. Lif ɗin yana hawa na biyar, ba ta jira ba, ta faɗa matakala. Takalminta mai tsini, wanda take so a ji ƙararsa tun daga farkon baranda a san ta iso, ya gurɗe mata ƙafa a kwanar farko. Ta tuɓe su ta watsar a nan. Hawa na biyu ta ci karo da mai goge ƙasa, bokitinsa ya kife, ya bi ta da magana ba ta ji ba. A ranta lissafi kawai take yi: kafin a buɗe kwalba, kafin a haɗa da ruwa, kafin a jona a jijiya, minti nawa ne? Ba ta sani ba. Ita tebura ta karanta, ba ta san tsawon lokacin da maƙogwaron mutum ke ɗauka kafin ya rufe ba.

Ƙofar ɗakin tiyata tana da jan layi a ƙasa da ba a tsallakewa da kayan gida. Mai tsaron ƙofar ya miƙe ya tare ta.

"Ina zuwa haka, Digiri, ba ko takalmi?"

Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta dinga dukan gilashin ƙofar da tafin hannu biyu. Sista ta leƙo, takunkumi a fuska, idanunta kaɗai ake gani, kuma ba su yi murna da ganinta ba.

"Amsar da na ba ki ba daidai ba ce," Digiri ta ce, numfashinta na yankewa. "A tsohon kwafi na duba. Fenisilin na rufe mata maƙogwaro. Ni na yi kuskure. Kada ku ba ta."

Sista ba ta zage ta ba, kuma da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

"An jona tun minti uku," ta ce, ta juya da gudu.

Kafin ƙofar ta gama rufuwa Digiri ta ji muryar Sista tana cewa a cire ruwan, ta ji wata muryar namiji tana kiran sunan wata allura, ta ji wata na'ura ta sauya kuka, tana yi da sauri da sauri. Ƙofar ta rufe.

Akwai dogon benci na ƙarfe a jikin bango. Ta zauna a kai. Sai a lokacin ta ga babban yatsan ƙafarta na jini, ba ta san inda ta yanke ba. Nas biyu suka wuce ta da gudu da wani akwati, ba wadda ta dube ta. Ta ƙura wa jan layin ido tana ganin layin nan ɗaya na baƙin allo a kansa, kalma bayan kalma. Mako bakwai yana zaune a wurinsa yana jiran wanda zai karanta shi.

Bayan kamar rabin awa wata dattijuwa ta iso, mayafinta a karkace, riƙe da leda mai zani da flas. Ta yi magana da mai tsaron ƙofa, ya nuna mata bencin. Ta zauna kusa da Digiri tana haki.

"Sannu 'yan mata. Ke ma naki ne a ciki?"

Kafin Digiri ta buɗe baki, matar ta ci gaba.

"Tawa ce aka kawo, malamar makaranta. Yanzu aka kira ni. Tun daga ƙofar waje nake ce musu akwai allurar da ba ta yi mata, kwanaki saura kaɗan mu rasa ta. Yaron da ke teburin karɓar baƙi ya ce in kwantar da hankalina, an riga an duba a kwamfuta." Ta sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi. Ni ban yi boko ba, amma an ce ita kwamfuta ba ta mantuwa."

Digiri ta ji kamar ta tashi ta bar wurin. Babu wanda zai hana ta. Matar ba ta san ta ba, kuma ba lallai ta taɓa saninta ba. Ta juyo ta fuskanci matar.

"Mama, ni ce na duba."

"Allah ya yi miki albarka."

"Ki tsaya ki ji. Na duba a inda bai kamata ba, na ce musu babu komai. Sun fara ba ta allurar kafin in gane. Suna ciki suna ƙoƙari."

Dattijuwar ta ja da baya kaɗan. Ta janye ledarta daga tsakaninsu ta ɗora a cinya ta rungume. Ta daɗe tana kallon fuskar Digiri, sannan idonta ya sauka kan ƙafafun da ba takalmi da jinin da ya fara bushewa.

"Wa ya zo ya gaya musu?"

"Ni."

"To zauna nan. Kada ki motsa. Tare za mu jira. In ta tashi, da bakinki za ki gaya mata. In kuma ba ta tashi ba..." Ba ta ƙarasa ba. Ta ciro carbi.

Haka suka zauna, tazarar mutum ɗaya a tsakaninsu. Wajen ƙarfe ɗaya Dogo ya zo riƙe da takalmanta. Labari ya riga ya zaga asibitin. Ya ja ta gefe, yau babu zolaya a fuskarsa.

"Ji nan," ya ce ƙasa ƙasa. "Tagarki tana nan a buɗe, ban bari Baba ya gani ba. In goge tarihin umarnan? Yau komai a rikice yake, sai a ce na'ura ce ta kawo tsohon bayani. Ba wanda zai iya musawa."

Ta so ta ce to. Har kalmar ta zo bakinta. Ta tuna gwaggonta da ta riƙe ta tun tana aji uku, wadda ta sa takardar digirin a gilashi ta rataye a falo inda duk baƙo zai gani. Ta tuna mutum nawa ne a asibitin nan suke jiran ranar da za ta faɗi.

"Kada ka taɓa min taga," ta ce. "Ka buga min tarihin duka a takarda, daga safe har yanzu, da lokutansa."

"Ke wai ba kya jin tsoro ne?"

"Dube ni da kyau, Dogo. Ina ji kamar in mutu. Je ka buga."

Ta karɓi takalman ta ajiye a ƙarƙashin benci, ta koma wurinta.

Sai bayan la'asar ƙofar ta buɗe sosai. Sista ta fito ta sauke takunkumi, shatin igiyarsa kwance a kumatunta. Dattijuwar ta miƙe.

"Mama, 'yarki tana nan da rai. Numfashinta ya tsaya mana sau ɗaya, sai da aka sa mata bututu. Da yake mun san abin da ke faruwa, ba mu ɓata lokacin nema ba. An gyara ƙafar. Za ta kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman." Ta juyo ta dubi Digiri. "Ke kuma ki je a wanke miki yatsan nan, kina ɓata min ƙasa."

Dattijuwar ta durƙushe a wurin tana kuka. Digiri ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta, ta yi ta amai a cikin kwandon shara har ba abin da ya rage.

Ranar Alhamis kwamitin asibiti ya zauna. Ta shiga da takardu bakwai, ta ja jan layi a ƙarƙashin umarnin da ta rubuta a kwafin koyo da lokacinsa, ta ja wani a ƙarƙashin minti ukun da ta ɓata. Shugaban kwamitin ya tambaya ko matsalar manhaja ce ta jawo. Ta ce a'a, akwai tambayar da ake yi kafin a karanta, an koya mata, ta raina ta. Injiniya na zaune a gefe yana goge tabarau. Aka karɓe mata izinin shiga rumbun gaske na wata biyu, aka tura ta ɗakin ajiyar fayil na ƙasa, inda ba taga sai ƙura da ƙamshin tsohuwar takarda.

Ta je. Kullum ƙarfe takwas tana can, da takalminta mai tsini. Sunanta ya tashi daga Digiri ya koma Wata Uku, saboda tsohon kwafin nan. A kantin abinci wani akawu ya ɗaga murya ya ce, "Wata Uku, yau wane wata muke ciki a wajenku?" Aka kwashe da dariya. Ta ɗauki tirenta ta zo ta zauna a teburinsu, daidai gabansa, ta cinye abincinta tas. Abin da ba wanda ya sani shi ne duk wayar da ta yi ƙara, ko ta waye, sai hannunta ya yi sanyi.

Ta cika wa dattijuwar alkawari. Da aka mayar da malamar ɗakin mata, ta je ta tsaya a ƙarshen gado ta faɗi abin da ta yi, ba ragi. Malamar ta saurara, ƙafarta a rataye, muryarta a dishe saboda bututun.

"'Ya'yana biyu," ta ce. "Ƙaramar ko yaye ta ban gama ba." Ta juya fuska ga bango. "Ki tafi. Ba na son ganinki yau."

Digiri ta juya. Har ta kai ƙofa muryar ta biyo ta.

"Jibi ki zo. Mama ta ce ke kika yi gudun."

Ta koma jibin, ta kuma koma bayansa. Ba su zama ƙawaye ba. Wata rana malamar ta yi mata magana, wata rana ta yi kamar barci take.

Ranar da aka mayar mata da izininta, abin da ta fara yi shi ne ta sauya launin kwafin koyo ya koma ja wur, yadda ko daga bakin ƙofa za a gane shi. Injiniya ya tsaya a bayanta yana kallo.

"Shekara goma sha biyar ina nan, wannan dabarar ba ta zo min ba."

"Ai shi ya sa aka ɗauko mai digiri, Baba."

Dogo ya yi dariya har da buga tebur. Wayar ta yi ƙara, dariyar ta tsaya. Su biyun suka dube ta. Ta goge tafin hannunta a siket ta ɗauka.

"Digiri ce?" Muryar Sista ce. "Allonmu na wasa. Ga lamba, duba min da sauri."

Allon gabanta baƙi ne, ba ja ba, tana gani da idonta. Duk da haka ta tambayi na'urar inda take. Ta buɗe layin ƙarshe na teburin kwanciya: yau, ƙarfe tara da minti arba'in, gado na sha biyu.

"Kina ji na kuwa? Me kike yi?"

"Ina ƙwanƙwasa ƙofa, Sista," ta ce. "Yanzu karanto lambar, a hankali."